Daga gidan gem zuwa bango: nazarin wata taƙaddama a Katsina

A wani lungu da ke bayan Ƙofar Ƙaura akwai shagon da yaran unguwa suka sani da gidan gem tun wajen tsakiyar shekarun 1990. Ba zan kama sunan kowa ba, domin duk waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu in ban da mai shagon, kuma har gobe suna gaisawa. Marigayin ya fara da talabijin biyu da benci ɗaya. Ya yi zamanin kaset, ya yi zamanin faifai, ya kai har lokacin da PlayStation 2 ta mamaye gari samari suna raba dare a kan ƙwallo. Da wayar hannu ta zo da nata wasannin, gidajen kallon ƙwallo kuma suka janye samarin, sai kasuwa ta ja baya. Ya mayar da gaban shagon wurin cajin waya, ya tura tsofaffin na'urorin ɗakin baya ya kulle. Mutum ne da ba ya zubar da abu. Duk abin da ya lalace sai ya ce a ajiye, wata rana za a ciri wani abu a jikinsa.

Da ya rasu aka zo rabon gado, sai aka buɗe ɗakin. Aka tarar da kwalaye cike da Sega, da PlayStation ta farko da ta biyu, da tarin na'urorin kaset marasa sanannen suna, da fad-fad, wato abin da ake riƙewa a hannu a buga wasa, da wayoyinsu suka sarƙe, da buhun kaset, da tsofaffin talabijin masu ƙusumbi jere a jikin bango. Dattawan da suka zo ƙiyasta dukiya sun san kuɗin gida, sun san na babur, amma wannan tarkace babu wanda ya san abin da zai ce a kansa. Aka kira 'yan jari bola. Su kuwa lissafinsu ɗaya ne, kilo: jan ƙarfen da ke wuyan talabijin da cikin adafta, sai fanel, sauran roba a bar wa bola.

A nan ne ɗan ƙanwar marigayin ya shigo. Ba ya cikin magada. Matashi ne da ya karanci zane, yana sana'ar rubuta allunan shaguna da buga riguna. Ya ɗora wani abu a kan tayin 'yan jari bola, magada suka sallama masa, ya kwashe kayan a Keke Napep zuwa wani ɗaki da ya kama haya. Ciniki ne halastacce, kuma a duk tsawon rigimar da ta biyo baya babu wanda ya taɓa cewa kayan ba nasa ba ne.

Abin da ya yi da su

Ya ga irin aikin a Instagram. Akwai kamfanoni a waje da ke warware tsohuwar Game Boy ko tsohuwar waya, su jera sassan a kan farar takarda, su rubuta sunan kowanne, su rufe da gilashi su sayar. Bai kwaikwaye su kai tsaye ba, kuma a nan dole a yaba masa. Maimakon farar takarda sai ya shimfiɗa baƙin saƙi, ya kai wa dukawa suka yi wa firem ɗin baki da jar fata.

Ɗaya daga cikin na farko yana rataye a bangon wani shagon shan shayi irin na zamani. Fad ɗin Sega ne mai maɓalli uku, an raba shi gida biyu, marfin sama a dama, na ƙasa a hagu, koren fanel a tsakiya. Ƙananan robobin da ke ƙarƙashin maɓallan an jera su a layi, wayar kuma an naɗe ta ta fitar da siffar dagi. Maɓallin tsakiya ya suɗe har harafinsa ya kusa ɓacewa, wurin da babban yatsa ke zama ya yi sheƙi saboda gumin yara na shekara da shekaru. Bai goge wannan ba, bai yi masa fenti ba. Kyau kam ya yi kyau. Kuma da yake babu hoton mai rai a jiki, har waɗanda ba sa rataya hoto a falonsu sun saya. Yawancin masu sayen magidanta ne 'yan shekara talatin da wani abu zuwa arba'in, mutanen da suka sha bulala a kan kuɗin cefanen da ya ƙare a gidan gem.

Kafin ya fara, sai da ya raba kayan kashi biyu. Ya karanta yadda masu tara tsofaffin na'urori a Turai da Amurka ke tayar da jijiyar wuya idan aka lalata ta asali, saboda haka duk wadda ke ɗauke da sunan Sega ko Sony na gaske ya ware ta gefe. Sauran, waɗanda muke kira jabu, su ya fara warwarewa hankali kwance. Katunan memori na PlayStation 2 kuwa ya huda su da na'urar huji ya sa musu zobe, suka zama maƙalin makulli, ana saye kamar gyaɗa. Da jabun suka kusa ƙarewa, oda kuma tana ta shigowa, mai shagon shayin ya ce shi fa yana son babban firem na Sega ta gaske. Sai matashin ya ɗauko Mega Drive, wato na'urar kaset ta Sega, guda daga cikin waɗanda ya ware, ya kwance ta, ya huda fanel ɗin a kusurwa huɗu, ya bi sassan da gam mai ƙarfi.

Ƙorafin mai gyara

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa wanda shi ya riƙe gyaran gidan gem ɗin tun buɗe shi. Jikansa ne ya nuna masa hoton firem ɗin a waya. Ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido, sai ya ga wani ɗan makunni a bayan marfin na'urar, da wayoyi biyu ja da shuɗi da suka taho daga gare shi. Washegari ya sa aka kai shi ɗakin matashin.

Bayan gaisuwa da ta'aziyya, ya ce, "Waccan da ka rataya a shagon shayi, ni na sa mata makunnin nan da hannuna. Kafin ka buɗe ta, ka jona ta da wuta?"

"Baba, ai ta shekara fiye da goma a kulle."

"Ba shi na tambaye ka ba, ɗana. Ka jona ta?"

Bai jona ba.

Labarin makunnin shi ne, na'urar ta Turai ce, ta shigo cikin kayan gwanjo. Kaset ɗin da ake samu a kasuwa kuwa da yawansu siffar na Japan gare su, ba sa shiga bakinta. Sai dattijon ya sa magagari ya faɗaɗa bakin. Wasu wasannin kuma suna duba yankin da aka ƙera na'urar dominsa, in bai dace ba su ƙi tashi. A fanel ɗin Mega Drive akwai wasu 'yan mahaɗai da ke tantance wannan, shi ne ya yanke su ya jawo waya zuwa makunni, yadda mai shago zai juya na'urar ta zama ta Japan ko ta Amurka ko ta Turai. Babu intanet a lokacin, babu littafin gyara. Wani abokin sana'a ne a Kano ya zana masa a bayan takardar siminti.

Hujjarsa ta sana'a ce, kuma tana da ƙarfi. Irin waɗannan na'urori ba kasafai suke mutuwa da gaske ba. Abin da ke lalacewa ƙananan abubuwa ne: kafasita, wato ɗan abin da ke adana wuta, ta bushe ko ta yoyo, ɗan abin da ke daidaita wuta ya ƙone, dalmar bakin adafta ta tsage, ko ƙura ta toshe wurin sa kaset. Duk wannan aikin yini ɗaya ne. Ƙwaƙwalwar na'urar, wato Motorola 68000, takan daɗe ba ta yi komai ba. Amma akwai sassan da Sega ta ƙera wa kanta, da na sauti da Yamaha ta yi, waɗanda ba ka shiga kasuwa ka sayo sabbinsu. In ɗaya ta mutu, sai an ciro daga jikin 'yar'uwarta. Hatta kamfanonin sun daina: Nintendo ta rufe gyaran Famicom, tsohuwar na'urarta ta kaset, a Japan a 2007 saboda ƙarancin kayan gyara, Sony kuma ta rufe na PlayStation 2 a 2018. Saboda haka duk fanel ɗin da aka huda aka shafe da gam, an yi asarar na'ura ɗaya, an kuma yi asarar waɗanda da za a tayar da sassanta.

Ban ce babu son kai a maganar dattijon ba. Yana son kayan gyaran, kuma ya ji zafin cewa ba a tuna da shi ba ranar da aka buɗe ɗakin. Matashin ya gane haka, sai ya mayar masa da amsar da ta fi kowace nauyi a wannan rigima.

"Baba, da ban saya ba, da tuni an farfashe su da guduma an auna a kilo. Ranar nan kuna ina?"

Dattijon bai ce komai ba.

Muhawarar da aka aro

Matashin ya sa hotunan a Facebook ya ba da labarin, sai masu sharhi suka rabu. Abin da na lura shi ne kusan kowa ya ɗauko hujjarsa daga waje, kuma hujjojin gaskiya ne, sai dai an ɗinka su ne don wani jiki.

Masu goyon bayan matashin suka ce waɗannan kaya ba su da wuyar samu. Haka ne. Sega ta sayar da Mega Drive wajen miliyan 30 tun fitowarta a 1988. PlayStation 2 ta haura miliyan 155. Famicom da 'yar'uwarta ta Amurka sun haura miliyan 61. In an rataya ɗaya a bango a Katsina, tarihin duniya bai girgiza ba. Suka ƙara da cewa an daɗe ana yin zane da irin waɗannan kaya. A 2002 wani Ba'amurke mai suna Cory Arcangel ya buɗe kaset ɗin Super Mario Bros., ya sauya abin da ke ciki ya share komai sai gajimare yana wucewa a shuɗin sama, kuma manyan gidajen nuna zane sun karɓi aikin. A 2012 gidan zanen zamani na MoMA da ke birnin New York ya shigar da wasanni 14 cikin taskarsa, har da Pac-Man da Tetris.

Masu adawa suka kawo binciken da Video Game History Foundation, wata gidauniyar adana tarihin wasannin gem, ta fitar a 2023, wanda ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. A watan Oktoba na 2024 kuma ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi amincewa ɗakunan karatu su riƙa bai wa masu bincike damar buga irin waɗannan wasanni daga nesa. Wato duk wanda ke son ya ga yadda abin yake, sau da yawa sai ya nemi tsohuwar na'ura da tsohon kaset. Wasu suka ce ai akwai manhajar kwaikwayo, ko a waya ana buga Sega. Gaskiya ne, kuma aikin MAME, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, da aka fara tun 1997 ya ceci wasanni masu ɗimbin yawa. Amma manhaja ba ta ba ka nauyin fad a hannu, kuma akwai abin da ba ta iyawa sai da dabara. Bindigar roba ta wasan harbin agwagwa, alal misali, ta dogara ne da yadda tsohuwar talabijin ke nuna hoto nan take. A faffaɗar talabijin ta yau akwai ɗan jinkiri, sai ka yi ta harbi babu abin da ke faɗuwa.

Akwai abu ɗaya game da aikin Arcangel da masu kafa hujja da shi suka tsallake: kaset ɗinsa yana aiki. Sai an sa shi a na'ura an kunna ake ganin zanen, kuma ya wallafa yadda ya yi domin kowa ya iya maimaitawa. Wannan da huda fanel a liƙa a bango ba abu ɗaya ba ne.

Amma babban giɓin shi ne, a can muhawarar tsakanin mai zane ne da mai ajiya. Mai ajiya yana da ɗaki mai sanyi, da kanta, da kasuwar da kwafin Super Mario 64 da ba a buɗe ba ya yi dala miliyan 1.56 a gwanjo a 2021. A Katsina masu takarar uku ne, kuma na ukun, ɗan jari bola, shi ya fi cin nasara. Bayansa akwai zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a ɗakin kwano, da ƙurar hunturu, da ɓera, da gara da ke cinye kwali da takarda. Wanda ya ce a bar su yadda suke, to ya san cewa yadda suke ɗin ruɓewa suke yi sannu a hankali.

Abin da aka raina

Mutum na uku a lamarin wani malamin tarihi ne a makarantar sakandare, wanda ya tashi a lungun kuma ya ɗumama bencin gidan gem ɗin da kyau. Ya je ɗakin ne da niyyar sayen firem. Bai tambayi Sega ba. Tambayarsa ita ce ina na'urorin nan masu launin toka da ake sa musu kaset mai ruwan ɗorawa.

Matashin ya ce, "Malam, ai waɗannan jabu ne. Su na fara gamawa da su."

A ganina nan ne ainihin asarar take, kuma babu wanda ya hango ta a cikin masu sharhin nan. Yawancin yaran da suka buga Mario da Contra a Katsina ba su taɓa riƙe na'urar da Nintendo ta ƙera ba. Abin da suka riƙe kwaikwayon Famicom ne da aka yi a Taiwan ko Sin, 'yan kasuwa suka shigo da shi ta Legas da Kano. Wata an yi mata siffar PlayStation, ka ɗaga marfin faifai ka tarar da ramin kaset. Wata tana da allon rubutu irin na kwamfuta domin iyaye su ɗauka ta karatu ce. In ka buɗe na baya-bayan, ba ka ganin komai sai ɗigon baƙin danƙo a kan ɗan ƙaramin fanel, duk na'urar tana ƙarƙashinsa. Kaset ɗin an rubuta masa wasa dubu ko miliyan, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sabon suna.

Mega Drive ta asali tana nan a gidajen tarihi da ɗakunan masu tarawa daga Tokyo har Landan, an zana fanel ɗinta, an rubuta komai a kanta. Nintendo ma ta buɗe gidan tarihinta a garin Uji kusa da Kyoto a 2024. Amma wa ke ajiye irin jabun da suka shigo Arewa? Waɗanne sunaye aka buga musu, waɗanne wasanni ke cikin kaset ɗinsu, da wace hanya suka zo? Kamfanonin da suka yi su ba su bar adireshi ba, kuma an yi su ne da roba mai arha da ba ta jure shekaru. A Rasha kwaikwayon Famicom mai suna Dendy, wanda kamfanin Steepler ya fara sayarwa a 1992, ya zama abin tunawa na ƙasa baki ɗaya, ana tara shi ana rubutu a kansa. A Foland akwai Pegasus, a Burazil akwai Phantom System. Su ba su ce jabu ne a zubar ba, domin da shi yaransu suka tashi. Matashin ya yi amfani da ma'aunin mai tarawa na Amurka, sai ya kare abin da duniya ke da shi birjik, ya warware abin da wataƙila ɗakin kawunsa na cikin wurare kaɗan da ya rage a garin.

Ita ma Mega Drive ɗin da ke bangon shagon shayi, darajarta tana ga bakin da aka goge da magagari da makunnin nan mai waya ja da shuɗi, fiye da sunan Sega da ke jikinta.

Sai katunan memori. Cikin waɗanda ba a kai ga hudawa ba, malamin ya ɗauki guda aka sa a PlayStation 2 da dattijon ya tayar. Katin mai megabait 8 ne, an liƙa masa filasta an rubuta lamba da biro. Aka sa faifan ƙwallo na Konami, aka shiga wurin da ake gyara ƙungiyoyi. Sai ga wata ƙungiya an sa mata suna Katsina United, amma 'yan wasan duk yaran lungun ne, kowa da laƙabinsa, kowa ya cika wa kansa gudu da ƙarfin harbi har ƙarshe, an bar wa mai tsaron gida abin da ya samu. Malamin ya ga nasa laƙabin a lamba bakwai. Biyu daga cikin sha ɗayan sun rasu. Irin wannan babu kwafinsa a ko'ina, kuma katunan da suka zama maƙalin makulli hujin ya bi ta cikin fanel ɗinsu. Babu wanda zai san abin da ke ciki.

Akwai kuma littattafan shagon, waɗanda matar marigayin ta riƙe ba ta sa a ciniki ba. Marigayin yana rubuta kuɗin wasa, da na man janareto, da ranakun da babu wuta, da sunan duk yaron da ya ci bashi. Farashi yana hawa daga shafi zuwa shafi, kana ganin tarihin naira a ciki. Sai dai wasu daga cikin masu bashin yau manyan mutane ne a gari, kuma magada sun yafe. Hajiya ta ce malamin ya zo ya karanta a zaure in yana so, amma ba za a ɗauki hoton shafin bashi ba. Ina ganin ta yi daidai.

Zaman da aka yi

Malamin ne ya haɗa su a zauren gidan marigayin bayan la'asar. Shawararsa ta farko ita ce a ware wasu a nemi kai su gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, makarantar da aka kafa a 1921, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Maganar ba ta yi nisa ba, kuma dattijon ne ya tare ta. Ya ce na'urar da aka sa a gilashi ba a kunnawa, da ita da ta firem duk ɗaya ne a wurinsa. Ya ce su dubi Gobarau: hasumiyar ƙasa ce, kuma abin da ya tsayar da ita ɗaruruwan shekaru shi ne ana komawa ana yaɓe ta, ganuwar da aka bari kuwa ruwa da masu ɗibar ƙasa sun cinye yawancinta. Na'ura ma sai ana kunna ta, ana canza mata kafasita kafin ta yoyo ta ci fanel.

Abin da suka tsayar ba shi da yawa. Ba za a sake kwance komai ba sai dattijon ya jona ya gwada, kuma matashin zai biya shi kuɗin gwaji. Wadda ta tashi ba za a warware ta ba. Wadda ta mutu, dattijon zai fara cire sassan da ba a samu, ragowar ta tafi firem, tunda mai kallon bango ba ya gane an ciri wani abu. An daina gam da huji, za a riƙa ɗaure sassan da zare ta ramukan sukurun da suka zo da su, yadda za a iya kwancewa a mayar. Jabun da suka rage, da duk na'urar da ke da gyaran hannu a jikinta, da katunan memori, ba a taɓa su ko sun mutu. Kowane firem za a liƙa masa takarda a baya mai faɗin daga ina kayan suka fito.

Da aka gwada, kusan rabin na'urorin kaset suka tashi bayan wanki da ɗan gyara. PlayStation 2 ɗin ne suka fi ba da kunya, yawancinsu idon karanta faifai ya mutu, robarsu ta fashe, kuma irinsu na nan da yawa a kasuwa. A kan waɗannan ni ban ga laifin firem ba ko kaɗan, kuma dattijon da ya fara da cewa kada a taɓa ko ɗaya shi ma ya sassauta. An kwashe abin da ke cikin katunan da suka tsira zuwa filashi, malamin ya riƙe kwafi, matashin ya riƙe kwafi.

Sabuwar ƙa'idar ta rage masa riba. Ɗauri da zare yana cin lokaci, kuɗin gwaji ya ƙaru, kayan da zai iya warwarewa sun ragu da fiye da rabi. Amma ta fitar da aikin da ya fi duk na baya: ya ɗauki ɗaya daga cikin jabun masu rai, ya cire marfinta ya ɗaure a gefe, ya bar fanel ɗin a buɗe bayan gilashi, ya haɗa da ƙaramin allo, fad ɗin yana rataye a waje. Dattijon ne ya yi masa wayarin. Duk wanda ya zo sai ya ɗauka ya buga, yana kallon ɗigon baƙin danƙon da wasan ke fitowa daga ciki. Wannan ya ce ba na sayarwa ba ne.

Sauran matsalolin suna nan. Abin da ke cikin kaset ɗin jabu ba a kwashe shi zuwa kwamfuta ba, domin ana buƙatar na'urar karantawa mai baki 60 irin na Famicom, sai an yi odarta da dala, kuma babu wanda ya ɗauki nauyin. Talabijin masu ƙusumbi su ne babban ciwon kai: suna cin wuri, suna da nauyi, gilashinsu na ɗauke da dalma, kuma suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare su, saboda haka ba abin da mai zane zai buɗe da sukundireba ba ne. Biyu daga ciki matashin ya riga ya sayar wa 'yan jari bola tun kafin zaman, sun fasa wuyansu sun cire jan ƙarfen. Dattijon idonsa ya fara rauni, yaran da ya koya wa aiki duk sun koma gyaran waya, babu wanda ke son koyon talabijin da ba a kawowa.

Mai shagon shayin ya ƙi mayar da Mega Drive ɗin ko da an ba shi kuɗinsa, ya dai yarda an liƙa 'yar takarda a ƙasan firem ɗin mai bayanin makunnin. Wani mai saye daga Abuja kuma yana ta kiran matashin, yana son manyan firem guda biyar na Sega ta gaske, kuma bai damu da ko tana aiki ko ba ta yi ba. Kuɗin da ya taya ya isa hayar ɗakin ta shekara, hayar kuwa ta kusa ƙarewa. Malamin ya ce zai yi magana da tsofaffin 'yan bencin su haɗa kuɗin, ya buɗe musu zaure a WhatsApp. Zuwa lokacin da nake wannan rubutu an fi turo labarin Mortal Kombat da tsohuwar gaba a kan wanda ya fi iya ƙwallo, matashin kuma bai ba mutumin Abuja amsa ba tukuna.